Ina shekara 13 da aka rubuta a kwalin ampul?

Yau maganarmu a kan ampul take. E, ampul dai, ƙwan fitilar nan fari na LED da ke rataye a zaure, a tsakar gida, a bakin butik. Mun san wani zai ce ƙasa na fama da manyan matsaloli, mu kuma mun tsaya kan abin dala 100. To a ba mu aron kunne. Dala 100 ɗin nan da ake karɓa hannunmu kowane wata biyu ko uku, in aka tara ta gida-gida, kartiye-kartiye, ba ƙaramin kuɗi ba ne, kuma akwai masu cin ribar shirunmu.

Ku ɗauko kwalin ampul ɗin da kuka saya kwanan nan ku duba. A jikin da yawa daga cikinsu an rubuta awa 25,000, wasu ma har 50,000. Mu yi lissafi tare. Gidan da ke kunna fitila awa 5 kowane dare, awa 25,000 ta zama dare 5,000 ke nan, wato shekara 13 da watanni. Ma'ana, jaririn da aka raɗa wa suna ranar da aka ɗaura ampul ɗin ya kamata ya gama firamare ya shiga kolej fitilar tana nan tana ci. Wa ya taɓa ganin haka a cikinmu? A gidanmu, daga fitar sanyi zuwa faɗuwar ruwan farko, sau 3 muka canza na zaure. Da farko haskensa ya ragu, sai ya fara ƙifta ido, sai ya koma shuɗi-shuɗi kamar hasken gidan hoto, daga nan sai shiru. Mun koma wurin mai butik, ya ɗaga kafaɗa ya ce: “Alhaji, ai kayan zamani ne, haka suke.”

Ba haka suke ba. Haka aka yi odarsu, haka aka shigo mana da su, haka muka karɓa ba mu ce uffan ba. Don mu gane inda cutar take, sai mun fasa ampul ɗin mun leƙa cikinsa.

In kuka cire farar hular roba da ke samansa, za ku ga wani faifai da ƴan ɗige-ɗige masu ruwan ɗorawa. Kowane ɗigo, a ƙarƙashinsa akwai ƴar ƙwaya da ba ta kai ƙwayar gero ba, ita ce ke ba da haske. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ƙwayar nan ba farin haske take fitarwa ba. Shuɗi take fitarwa. Masana sun yi shekaru da dama suna neman shuɗin nan bayan an samu ja da kore, har sai da wasu mutanen Japan uku suka cimma shi: Isamu Akasaki da Hiroshi Amano a jami'ar Nagoya, da Shuji Nakamura a kamfanin Nichia, wanda ya fito da shuɗiyar LED mai ƙarfi a 1993. A 1996 farar LED ta shiga kasuwa. A 2014 aka ba su ukun kyautar Nobel ta kimiyyar fizik, kuma masu ba da kyautar sun ambaci mutane sama da biliyan 1.5 da ba su da wutar lantarki, suka ce wannan fitila za ta iya sauya musu rayuwa tunda ɗan ƙaramin panno na rana ya isa ya kunna ta. Su wa ake nufi? Mu ne fa. A Nijar, kusan mutum 1 cikin 5 ne kawai ke da kuran. Ke nan fitilar da aka ce an yi domin irinmu, mu ne ake tallata wa mafi lalacewarta.

To ta yaya shuɗi ke komawa fari? Nan ruwan ɗorawar nan ya shigo. Wata hoda ce da masana ke kira fosfo. Wadda aka fi aiki da ita ana kiranta YAG, haɗin wani ma'adini ne mai suna itriyom da alminiyam da iskar oksijin, a barbaɗa ɗan seriyom a ciki. Aikinta ta shanye wani kaso na shuɗin haske ta mayar da shi ruwan ɗorawa. Ragowar shuɗin da ya tsallake ya haɗu da ɗorawar, idonmu sai ya ga fari. In hodar ta lalace ko ta ɓare, shuɗin sai ya fito tsirara. Abin da kuke gani ke nan in fitila ta fara tsufa tana shuɗi.

Hoda ba ta zama a kan ƙwaya haka kawai, sai an kwaɓa ta da wani abu, kamar yadda mata ke kwaɓa lalle kafin a ƙunsa. Da can ana kwaɓa ta da wani ƙaro mai suna efoksi, daga baya aka koma danƙon silikon, wanda ya fi jure zafi. Amma shi ma danƙo ne, yana da iyaka. LED ba ta ƙona hannu kamar tsohon ampul mai zare, shi ya sa muke zaton ba ta zafi. Tana yi, a ciki take tara shi. Ƙwayar kanta tana zafi, sannan ita hodar, duk lokacin da ta juya shuɗi zuwa ɗorawa, kusan kashi 1 cikin 5 na ƙarfin hasken yana zama zafi a cikin danƙon. Shi kuma danƙon silikon ba ya iya fitar da zafi da sauri, riƙe shi yake kamar bargo. A hankali sai ya dafe, ya bushe, ya tsage. Raɓa da hayaƙi mai farar wuta suna ratsa shi su baƙanta ƴar azurfar da ke ƙasan ƙwayar. Ita ma hodar, in ta yi zafi da yawa, hasken da take bayarwa raguwa yake. Ku fasa mataccen ampul, sau da yawa za ku ga ɗigo ɗaya da baƙin tabo a tsakiya. Gawar ke nan.

Yanzu ku ɗora wannan a kan bazararmu. Watan Afrilu da Mayu, zafi a inuwa ya haura digiri 40, wani lokaci ya taɓa 45. Ɗaki mai rufin kwano, ampul na rataye taƙi ɗaya ƙasan kwanon da ya wuni yana shan rana. Abin da aka auna a ɗakin gwaji mai sanyi aka ce zai yi shekara 13, a nan kamar an jefa shi a tanda ne.

Kada ku ɗauka mu kaɗai abin ya taɓa samu. Daga wajen 2021, a garuruwa da dama na Amurka da Kanada, fitilun titi sun riƙa komawa shuɗi mai duhu, unguwa guda ta zama kamar an zuba mata baba. Da aka bincika, sai aka ga shimfiɗar hodar nan da danƙonta ce ta tsage ta ɓare daga kan ƙwayar. Mutane suka yi ta kiran hukuma, jaridu suka ɗauka, aka bi titi-titi ana canza su, da yawa a kan garantin wanda ya ƙera. Cuta ɗaya ce da tamu. Bambancin, su akwai takarda a hannunsu da wanda za su kama.

Su kuwa masana ba su zauna ba. Tunda danƙo ne ke gazawa, sai suka ce a raba hodar da danƙo a saka ta cikin gilashi. Ga yadda ake yi: a niƙa gilashi ya zama gari, a gauraya da hodar fosfo, a matse, a gasa har gilashin ya yi laushi ya haɗe ya rungume hodar. Sannan a yanka shi falle-falle, siriri bai kai kaurin farce ba, a ɗora a kan ƙwayar. Wahalar aikin tana wajen wuta. Gilashin taga da na kwalba sai an kai wajen digiri 1,500 kafin a narka shi, irin wannan wuta kuwa ɓata hodar take. Don haka aka nemo wasu gilasai na musamman, masu haɗin boron ko zinki ko fosfat, da ke yin laushi a ƙasa da digiri 800. Masu ginin tukwane na Mirya da Bubon za su fi kowa gane wannan: wuta ta yi yawa kaya ya lalace, ta yi kaɗan bai gasu ba.

Me aka samu? Gilashi yana fitar da zafi wajen ninki 5 na danƙon silikon. Ba ya dafewa don shuɗin haske ya daɗe yana dukansa. Raɓa ba ta ratsa shi. Kuma ana iya haɗa gilashin da yake lanƙwasa haske daidai da yadda hodar ke yi, ta yadda haske ba zai ɓace a tsakaninsu ba. Wannan ba labarin ɗakin bincike ba ne kawai. Kamfanin Nippon Electric Glass na Japan yana sayar da irinsa da sunan Lumiphous, ana sa shi a fitilun gaban mota. Akwai kuma waɗanda ake gasa hodar kanta ta zama kamar tangaran, ana sa su a na'urorin haska hoto masu aiki da leza. Masu bincike a Japan da Koriya da Sin suna ta ƙoƙarin rage kuɗinsa. Yana da nasa matsalolin, ba mu ɓoye ba: ya fi tsada, kuma jar hodar da ake ƙarawa don haske ya yi taushi kamar na hantsi ba ta son gashi, tana saurin lalacewa a cikin gilashi.

Kada wani ya juya mana magana ya ce wai mun ce a sa gilashin Japan a ampul na dala 100. Ba mu ce ba. Ƙaramin ampul na ɗaki ba ya buƙatarsa, in an ƙera shi da gaskiya danƙo mai kyau ya ishe shi shekaru. Mun kawo labarin gilashin ne don ku ga iya nisan da duniya ta yi wajen yaƙi da zafi a cikin fitila. An san ciwon, an san maganinsa mataki-mataki, daga mai sauƙi har zuwa mai tsada. Mu da muke zaune a ɗaya daga cikin ƙasashe mafi zafi a duniya, ko matakin farko ba a ba mu.

Mene ne matakin farko? Alminiyam, irin wanda maƙeranmu ke zuba tukwane da shi. Ampul na kirki yana da kokon alminiyam a gindinsa da ke janye zafi daga ƙwayoyin ya watsa waje. Na banza roba ce zalla. Na biyu, yawan ƙwayoyi. Aikin da ya kamata ƙwaya 20 su raba, sai a ɗora wa 8, a ɗura musu kuran fiye da ƙarfinsu. Ranar farko haske kamar rana, mai saye ya yi murna, wata biyu sun ƙone, kamar jakin da aka ɗora wa kayan raƙumi. Kuma a jere aka haɗa su, ɗaya ta mutu duka sun mutu. Na uku, wani ɗan gwangwani a ciki da masu gyaran rediyo ke kira kondansater. Ma'aikatan lantarki suna da ƙa'ida a kansa: duk ƙarin digiri 10 na zafi yana raba kwanansa biyu. Akwai mai jure zafi, akwai na araha, tazarar kuɗinsu ba ta taka kara ta karya ba. Shi ne mafi yawan lokaci ke fara mutuwa, shi ke sa fitila ƙifta ido. Na huɗu, ƙarya tsagwaronta: a rubuta wat 18 ko 30 a kwali, in an auna ba ta kai ba.

Mun san amsoshin da za a ba mu, mun sha jin su a kasuwar Dole da Katako da babbar kasuwar Maraɗi.

Na farko za a ce: “Ai ɗan Caina ne.” To fitilar da ke shekara 10 a Faransa, ita ma mafi yawanci daga can take. A lardin Guangdong akwai wani gari, Guzhen, da ake yi wa laƙabi da babban birnin fitilu. Can ana ƙera na sarki, ana ƙera na bola, ya danganta da abin da ka biya. In ɗan kasuwa ya je ya ce a ba shi mafi araha, a buga masa kwali mai kyau da manyan lambobi, abin da za a yi masa ke nan. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Mai odar ya san abin da ya sayo. Wanda bai sani ba shi ne tsohuwar da ta kwance bakin zane ta biya.

Na biyu za a ce kuran ɗinmu ne ke hawa da sauka yana ƙona kaya. Akwai gaskiya a nan, kowa ya ga yadda wuta ke dawowa da ƙarfi bayan an ɗauke. Amma fitilun da ke kan batiri da panno, waɗanda ba su taɓa ganin wayar kamfanin wuta ba, su me ke kashe su? Kuma akwai ampul da ake ƙerawa don jure hawa da saukar wuta mai faɗi. Wanda ya san halin kuran ɗin ƙasarsa ya shigo da wanda ba ya jurewa, ba shi da bakin kawo wannan uzuri.

Na uku, wanda ya fi kama hankali: talaka ba ya iya sayen mai tsada. Mu sake lissafi. A ce na araha dala 100 ne, yana wata 3. A shekara ka sayi 4, jika 2 ke nan. A shekara 3, jika 6. A ce mai kyau jika 2 ne, ya yi shekara 3 ɗin nan. Wa ya fi kashe kuɗi? Talaka. Araha ba ta ado, ba ta kuma tausayi. Sai dai akwai abin da ya fi wannan zafi. Ko talakan ya daure ya tara jika 2, ta ina zai gane mai kyau? Kwalayen duk iri ɗaya, kowanne ya rantse da awa 25,000. An taɓa cutarsa da mai tsada ya mutu a wata guda, sai ya ce gara in sayi na arahar, in ya mutu asarar kaɗan ce. Shi kuma ɗan kasuwar da ya so gaskiya ya kawo na kirki, kayansa na shan ƙura a kanta, badi sai ya bi sahun sauran. Haka ƙarya ke korar gaskiya daga kasuwa in babu mai aunawa. Wannan ba abin da mai saye zai gyara shi kaɗai ba ne, aikin hukuma ne.

Mu zo kan abin da ya fi ƙona mana rai, fitilun titi masu aiki da rana. Kowa ya ga yadda ake yi. A kafa turaku, a yi biki, a ɗauki hoto. Watannin farko titi kamar rana, masu shayi da masu tsire da masu tuyar awara su matso ƙarƙashi, ɗiyanmu masu shirin BEPC da BAC su shimfiɗa tabarma da littattafansu tunda gida babu wuta. Bayan shekara ɗaya ko biyu, ku bi titin ku ƙirga. Wannan ta mutu, waccan tana haske kamar aci-bal-bal, ta gaba tana ɗaukewa kafin tsakar dare. Mu yi adalci: ba kullum laifin ƙwayar ba ne. Sau da yawa batiri ne zafi ya kashe, ko ƙurar hunturu ta rufe panno ba mai sharewa, ko ɓarayi sun kwance. Amma duk wannan yana komawa wuri ɗaya: me aka rubuta a takardar kwangila, kuma wa ya duba abin da aka kawo?

Akwai gwaje-gwaje sanannu a wannan sana'a. Ɗaya ana kiransa LM-80: a kunna ƙwayoyin aƙalla awa 6,000 a zafin digiri 55 da 85, ana auna yadda haskensu ke raguwa da yadda launinsu ke canzawa. Akwai kuma ma'aunin L70, wato awa nawa fitila za ta yi kafin haskenta ya sauka zuwa kashi 70 cikin 100. Kamfanin kirki yana da waɗannan takardu, in ka nema zai ba ka. Tambayarmu ga masu sa hannu da sunan jama'a: kuna nema? Kuna tambayar da me aka riƙe hodar fitilar da za ta tsaya a saman turke cikin ranar Tawa, tana cin wat 60 ko 100? A irin wannan babbar fitila ne tambayar danƙo ko gilashi ko tangaran take da muhalli, don nan zafi ke taruwa, kuma hawa a canza ta sai da tsani da mota da kuɗi. Ko ba a zaɓi ta gilashin ba saboda tsada, wanda ya iya yin tambayar ya nuna wa ɗan kwangila cewa ba makaho zai yi wa talla ba. Tun ranar gini ranar zane.

Kuma haske ba yawansa kaɗai ake dubawa ba, har da launinsa. Tela da ke haɗa zare da shadda da daddare ya sani. Mahauci da mai sayen nama sun sani. Ungozoma a gidan likita na ƙauye da ke son gane ko jariri ya yi shawara, ko jinin mai jego ya yi ƙasa, tana buƙatar hasken da ke nuna launi yadda yake. Fitilar da hodarta ta lalace ta koma shuɗiya ba ta nuna gaskiyar komai.

Masu cewa kamfani ba zai taɓa rage kwanan kayansa da gangan ba, su koma tarihi. A ƙarshen 1924, manyan masu ƙera ampul na duniya, ciki har da Osram da Philips, sun haɗu a Janeba suka kafa ƙungiyar da aka sani da Phoebus, suka amince kada ampul ya wuce awa 1,000, har tara ake ci wa wanda nasa ya daɗe. Ba mu ce yau akwai irin wannan taro a kanmu ba. Ba a ma buƙatarsa. Inda ba a aunawa, ba a tambaya, ba a mayar da kaya, ribar da ke cikin saurin mutuwa ita kaɗai ta isa.

Ga kuma misalin ƙasar da ta buɗe baki. A 2016 hukumar birnin Dubai, wuri mai zafi irin namu, ta haɗa kai da kamfanin Philips aka ƙera mata ampul na musamman. Dabarar ba tsafi ba ce: an ƙara yawan ƙwayoyin, aka rage kuran da kowace ke ɗauka, sai zafi ya ragu, haske ya ƙaru a kan kowane wat, kwana ya daɗu. Za a ce su masu kuɗi ne. Gaskiya ne. Amma abin da suka fara yi ba ya cin kuɗi: sun ce ga abin da muke so a ƙasarmu, wanda bai kai haka ba a bar shi can.

Mu ma ba baƙin wannan ilimi ba ne. Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, masanin fizik ne da ya yi shekaru yana jagorantar ONERSOL, ofishin makamashin rana, tun lokacin da ƙasashe da yawa ba su ɗauki rana da muhimmanci ba. Yau muna da ANERSOL, muna da jami'o'i a Maraɗi da Damagaram da Tawa, cike da matasa masu karatun lantarki. Me zai hana a ba su aiki? Akwati mai zafin digiri 50, na'urar auna wat, na'urar auna haske, a sayo ampul iri 20 daga kasuwa a kunna su wata 6, a karanta sakamakon a rediyo da Hausa da Zabarmanci, suna-suna. Kuɗin wannan bai kai na liyafar buɗe titi ɗaya ba. Ga fitilun rana na hannu ma akwai tsarin da Bankin Duniya ya faro a 2007 da sunan Lighting Africa, wanda yau gwajinsa ke hannun VeraSol, yana duba ko abin da ke jikin kwali gaskiya ne, yana kuma wajabta garanti. Hanya tana nan, ba sai mun ƙirƙiro ba.

Saboda haka ga kiranmu. Ga ma'aikatar kasuwanci da hukumar kula da ingancin kaya da jami'an duwan: a sa mafi ƙarancin sharaɗi ga duk ampul da zai shigo, a riƙa ɗibar samfur ana aunawa, wanda kwalinsa ya yi ƙarya a hana shi shiga. Ga magadan gari da duk mai ba da kwangilar fitilun titi: a rubuta gwajin zafi a cikin sharuɗɗa, a nemi garantin shekaru, a riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila har fitilun su ga bazara biyu, a liƙa sunansa da ranar kafawa a jikin turke kowa ya gani. Ga manyan ƴan kasuwarmu masu zuwa Sin da Dubai: ku ne ke zaɓa mana, ku ji tsoron haƙƙi. Ku kawo mai kyau ku ba da garantin ko wata 6 ne, za ku ga yadda jama'a za su bi ku.

Mu kuma masu saye, mu daina kunya. Ku ɗaga ampul ku ji nauyinsa, wanda ya yi sakayau kamar ƙwan da aka shanye babu alminiyam a ciki. Ku duba lumen, shi ne ma'aunin haske, ba wat ba: lumen 800 shi ne kwatankwacin tsohon ampul mai wat 60, LED mai kyau tana ba da shi da wat 9 ko kusa da haka. Gara matsakaita biyu da ƙato ɗaya mai cika baki. Kada ku kulle shi a cikin gilashin ado da iska ba ta shiga, ku kuma sauko da shi nesa da kwano. Sannan ranar da kuka saya, ku sa mai butik ya rubuta kwanan wata da marka a gindin ampul ɗin, a gabanku. Ya mutu kafin wata 6, ku mayar masa. Ba faɗa ba, ba zagi ba, ku ajiye masa a kan kanta ku nuna masa rubutun hannunsa. In mutum 10 suka yi haka a sati guda, shi ma zai kai kuka wurin dillalinsa, dillali ya kai wa mai oda.

Duk wanda ke da matattun ampul a gida, kada ya zubar tukuna. Ku ƙirga su, ku faɗa mana nawa ne, a wane gari, kuma wata nawa kowanne ya yi. Za mu tara mu kawo muku jimillar a nan. Ku tura wannan ga kansilan kartiyenku da mai butik ɗin layinku.